KATANGA DA BAƘO: YADDA ƊAN SINADARI KE SAUYA HALIN KIRISTAL

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa kunna murhun gas da 'yar laitar nan mai yin "ƙyas", ko ya raka mai juna biyu asibiti aka ɗauki hoton abin da ke cikinta, ya riga ya amfana da wani irin tangaran da masana ke kira PZT. Ana toya shi ne daga dalma da zakoniyam da titaniyam da oksijin. Baiwarsa ita ce, idan aka matse shi sai ya fitar da lantarki, idan kuma aka ba shi lantarki sai ya ɗan miƙe ko ya takure. Masana'antu kan sayar da shi iri biyu, mai tauri da mai laushi. In ka riƙe su a hannu ba za ka bambance su ba, domin tushensu ɗaya ne. Babban abin da ya raba su shi ne wani ɗan sinadari da ake ƙarawa da gangan, wanda sau da yawa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Amma wanda ya ɗauki mai laushi ya sa a inda mai tauri ya kamata, na'urarsa za ta yi zafi ta lalace.

Tambayar da wannan darasi zai amsa ita ce: ta yaya abu kaɗan haka yake juya halin abu mai yawa? Amsar tana ga wasu siraran iyakoki da ke cikin kiristal, waɗanda ido ba ya gani. Za mu fara da kalmomin aiki, mu waiwayi tarihi, sannan mu bi misalai ɗaya bayan ɗaya.

2.0 KALMOMIN AIKI

Kiristal: Shi ne duk wani abu mai ƙarfi wanda ƙwayoyin zarrarsa suka jeru bisa tsari guda mai maimaita kansa, kamar tubalin gini. Gishirin miya kiristal ne, haka sukari da ƙanƙara da baƙin ƙarfe. Tangaran kuwa tarin ƙananan kiristal ne da wuta ta manne su. Don taƙaitawa, za mu riƙa kiran ƙwayar zarra da sunan atam.

Yanki: A wasu irin kiristal, kowane ɗan sashe yana da gefen da ya fuskanta, na lantarki ko na maganaɗisu. Masana kan zana wannan fuskanta da alamar kibiya. Wurin da kibiyoyi duka suka fuskanci gefe ɗaya shi ne yanki.

Katanga: Ita ce iyakar da ke tsakanin yanki da yanki. Mu ɗauki misalin gonaki biyu maƙwabta. Ƙasarsu ɗaya ce, amma mai wannan ya ja kunyoyinsa gabas da yamma, mai waccan ya ja nasa kudu da arewa. Ko ba a dasa gamba ba, mai wucewa zai gane iyaka, domin nan ne kunyoyi suka sauya fuska. Haka katangar yanki take. Ba a gina ta da wani abu dabam ba. Wuri ne kawai da kibiya ta juya. Saboda haka tana iya tafiya: duk lokacin da kibiyoyin da ke gefenta suka juya, ta matsa ke nan.

Baƙo: Shi ne atam na wani sinadari da aka shigar cikin kiristal ya zauna a mazaunin ɗan gida. Akwai wanda ya shigo bisa kuskure, wato datti, akwai kuma gayyatacce wanda aka auna aka zuba. Na biyun ne ya fi damun mu a nan.

Gurbi: Mazaunin atam ne da aka bari babu kowa.

Caji: Iri biyu ne, na tarawa da na ɗebewa, bisa alamomin lissafi da ake rubuta su da su. Dokar kiristal ita ce dole jimillar biyun ta yi daidai. Mai karatu ya riƙe wannan doka, domin kusan duk abin da zai biyo baya a kanta ya rataya.

3.0 WAIWAYE: DARASI DAGA BAƘIN ƘARFE

Ilimin yanki da katanga ya faro ne daga nazarin maganaɗisu. A shekarar 1907 wani masani Bafaranshe, Pierre Weiss, ya yi tambaya: in har kowane ɗan sashe na baƙin ƙarfe maganaɗisu ne, me ya sa ƙusa ba ta jan 'yar'uwarta? Ya amsa da cewa ƙarfen ya rarrabu yanki-yanki, kowane ya fuskanci gefensa, sai ƙarfinsu ya kashe juna. A 1919 Heinrich Barkhausen, a birnin Diresdin na Jamus, ya naɗe ƙarfe da waya ya jona da lasifika. Da ya riƙa matso da maganaɗisu a hankali, sai ya ji ƙarar ƙaras-ƙaras. Daga baya aka gane cewa wannan ƙara ta katangu ce: suna tafiya sai su sarƙe a jikin datti, su tsaya, sannan su fizge su yi tsalle. A 1932 Felix Bloch ya yi lissafin yadda kibiya ke juyawa sannu a hankali a cikin katangar, shi ya sa har yau ake kiran irin wannan katanga da sunansa.

Daga nan ne kalmomin "tauri" da "laushi" suka samo asali, kuma wannan ya kamata ya ja hankalin ɗalibin harshe. Ƙarfen da ke da kabon da yawa, aka kuma yi masa horon wuta, yana da tauri a hannun maƙeri. Shi ne kuma wanda in an mayar da shi maganaɗisu yake riƙewa, domin kabon ɗin da sauran tabon da ke cikinsa sun tare katangu. Tataccen ƙarfe kuwa yana da laushi a maƙera, yana saurin ɗaukar maganaɗisu, yana saurin saki. Da tafiya ta yi nisa, sai kalmomin suka bar ma'anarsu ta farko. Yau in masani ya ce abu mai tauri ne a wannan fage, yana nufin katangunsa ba sa motsi da sauƙi, ko da kuwa guduma ba ta shaida hakan ba. Wannan shi ne abin da muke kira faɗaɗar ma'ana a darasin ilimin ma'ana.

Amfanin wannan sani a bayyane yake a cikin taransifoma. Lantarkin da ake rabawa a Nijeriya yana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, don haka katangun ƙarfen da ke cikin taransifoma suna kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Duk sarƙewar da suka yi, zafi take zama. Shi ya sa ake yin cikin taransifoma da ƙarfe mai silikon kimanin kashi 3 cikin 100, a kuma tsame kabon daga cikinsa gwargwadon iko.

4.0 YADDA YANKI KE SAMUWA A KIRISTAL MAI LANTARKI

A 1920 Joseph Valasek na Jami'ar Minesota a Amurka ya gano cewa wani gishiri da ake kira gishirin Roshel yana riƙe kibiyar lantarki, kuma ana iya juya ta, kamar yadda ƙarfe ke yi da maganaɗisu. Irin waɗannan abubuwa su ake kira ferolantarki. Sunan ya aro kalmar Latin ta ƙarfe saboda kamar hali, ko da yake yawancinsu babu ƙarfe a cikinsu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka gano bariyam titanet a Amurka da Japan da Tarayyar Sobiyet, kowa a nasa ɓangaren. PZT kuma masu bincike a Japan ne suka fara nazarinsa a farkon shekarun 1950, sannan Bernard Jaffe da abokan aikinsa a Amurka suka nuna ƙarfin baiwarsa a 1954.

Tsarin bariyam titanet da na PZT iri ɗaya ne. Mai karatu ya ƙaddara wani ɗan akwati mai kusurwa takwas da fuska shida. A kowace kusurwa akwai bariyam, ko dalma in PZT ne. A tsakiyar kowace fuska akwai oksijin. A can tsakiyar akwatin kuma titaniyam ne zaune. Faɗin akwatin kimanin nanomita 0.4 ne; nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma kaurin silin gashi ya kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari.

Idan zafin bariyam titanet ya haura digiri 120 ko kusa da haka a ma'aunin Salshiyas, titaniyam yana nan a tsakiya, babu kibiya. Da zarar ya huce ƙasa da haka, sai titaniyam ya ɗan goce zuwa ɗaya daga cikin fuskoki shida, akwatin kuma ya ɗan ƙara tsawo ta wannan gefe. Tun da titaniyam na ɗauke da cajin tarawa, gocewarsa ita ce kibiya. Kowane sashe na kiristal yakan zaɓi fuskarsa, sai yankuna su samu. Inda kibiyoyi biyu suka saɓa gaba da baya, katangar digiri 180 ke nan. Inda suka yi gicciye, ta digiri 90. Kaurin irin waɗannan katangu bai wuce akwati kaɗan ba, wato nanomita ɗaya ko biyu, alhali katangar baƙin ƙarfe takan kai nanomita gommai.

Katangar digiri 90 ita ce mai muhimmanci ga aikin PZT. Idan ta matsa, akwatunan da ke da tsawo a kwance sun koma masu tsawo a tsaye, don haka siffar tangaran ɗin gaba ɗaya ta sauya. Wato miƙewar da tangaran ke yi idan an ba shi lantarki kashi biyu ce: akwai miƙewar akwatunan kansu, akwai kuma wadda tafiyar katangu ta haifar. Baƙo yana da iko ne a kan kashi na biyu.

5.0 BAƘO IRI BIYU

5.1 Baƙo mai giɓi

Titaniyam yana bayar da cajin tarawa 4, oksijin kuma yana da cajin ɗebewa 2. Idan aka sa atam na baƙin ƙarfe, mai caji 3, a mazaunin titaniyam, an sami giɓin 1. Baƙi biyu, giɓin 2 ke nan. Domin lissafi ya daidaita, sai kiristal ya rasa oksijin guda, a bar gurbinsa. Saboda haka duk baƙi biyu masu giɓi suna zuwa da gurbin oksijin ɗaya.

Gurbin oksijin yana da halaye biyu. Na farko, yana son zama kusa da baƙon, domin cajinsu na jan juna. Baƙo a tsakiya, gurbi a ɗaya daga fuskoki shida: su biyun sun zama wata 'yar kibiya ta kansu. Na biyu, yana iya ƙaura, domin mazaunan oksijin suna kusa da juna. Oksijin na maƙwabtaka ya faɗa gurbin, gurbi ya koma inda ya baro. Yau da gobe sai guraben su zagaya su zauna a fuskar da ta dace da kibiyar yankin da suke ciki.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Idan aka kawo lantarki don a tura katanga, kibiyar yanki tana juyawa nan take, amma gurbi ba ya iya ƙaura da wannan sauri. Yana buƙatar sa'o'i ko kwanaki. Sai 'yan kibiyoyin baƙi su tsaya kan fuskarsu ta da, suna jan yankin ya dawo. Katanga ta zama kamar akuyar da aka ɗaure a turke: tana iya zagayawa kaɗan, igiya na dawo da ita. Wannan shi ne PZT mai tauri.

A ƙarshen shekarun 1970 masu bincike na kamfanin Philips sun fayyace hanyoyi uku da wannan ɗauri zai iya faruwa. Ta farko ita ce wadda muka bayyana, inda 'yan kibiyoyi ke ko'ina cikin yanki. Ta biyu, guraben su yi ƙaura su taru a jikin katangar kanta su danne ta. Ta uku, caji ya taru a iyakokin ƙananan kiristal da suka haɗu suka yi tangaran. Wadda ta fi rinjaye ta danganta da irin kiristal da yawan baƙon da aka zuba.

5.2 Baƙo mai rara

Idan kuma niyobiyam aka sa, mai caji 5, a mazaunin titaniyam, ko lantanam mai caji 3 a mazaunin dalma mai caji 2, an sami rarar 1. A nan kiristal yakan daidaita lissafi ta hanyar rasa dalma: baƙi biyu, gurbin dalma ɗaya. Gurbin dalma ba ya yawo a zafin ɗaki, domin mazaunan dalma sun yi nisa da juna kuma oksijin ya tare hanya. Don haka ba ya iya bin kibiyar yanki ya ɗaure ta. Bugu da ƙari, PZT yakan fito daga wuta da wasu guraben oksijin ko ba a sa masa komai ba, saboda dalma na tashi a zafin toyi, kuma kayan haɗi ba sa rasa datti. Baƙo mai rara yana rage waɗannan gurabe. An cire turaku ke nan, katangu sun sami sakewa. Wannan shi ne PZT mai laushi. Masana sun fi samun daidaito a kan dalilin tauri. Bayanin laushi kuwa har yanzu ana ƙara tace shi.

5.3 Me alƙaluma suka nuna?

Akwai samfura biyu sanannu a kasuwa. PZT-5H mai laushi ne, PZT-8 mai tauri. A ma'aunin yawan cajin da matsi ke fitarwa, na farko yana da kimanin 590, na biyu kimanin 225. Wato mai laushi ya ninka mai tauri fiye da sau biyu wajen ji da amsawa. Amma akwai wani ma'auni na daɗewar amo, kamar yadda ƙararrawa mai kyau ke daɗe tana kuka bayan an buga ta. A nan PZT-8 yana da kimanin 1,000, PZT-5H kuwa kimanin 65. Dalili shi ne katanga mai tafiya tana gogayya, gogayya kuma zafi ce. Kowane allazi da nasa amanu. Shi ya sa ake sa mai laushi a na'urar hoton ciki da na'urorin saurare, inda ake son jin motsi komai ƙanƙantarsa, a kuma sa mai tauri a injin walda da injin wanki masu aiki da sauti mai ƙarfi, inda tangaran zai yini yana kaɗawa sau dubbai a daƙiƙa.

Wace hujja ce ta nuna cewa katangu ne suka kawo wannan bambanci? A 1983 ƙungiyar L. Eric Cross a Jami'ar Jihar Fensilbaniya ta sanyaya samfuran PZT masu tauri da masu laushi har zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifiri. A irin wannan sanyi katangu sukan daskare. Sai aka ga alƙaluman samfuran, waɗanda suka yi nisa da juna a zafin ɗaki, sun matso sun kusa haɗuwa. Da katangu suka daina motsi, bambancin baƙi ya kusa ɓacewa.

6.0 TSUFA DA TUNI

Tun da ƙaurar gurbi tana ɗaukar lokaci, ɗaurin katanga yana ƙaruwa ne da kwanaki. Masana na kiran wannan tsufa. Ana ganinsa a ƙananan kafasitocin bariyam titanet, waɗanda wayar hannu guda ke ɗauke da ɗaruruwansu. Ƙarfin ajiyarsu yakan ragu da ɗan kaso tsakanin sa'a 1 da sa'a 10, ya sake raguwa da kwatankwacin haka tsakanin sa'a 10 da 100, haka kuma tsakanin 100 da 1,000. Idan aka gasa kafasitar ta haura zafin da yankuna ke ɓacewa, sai ta dawo sabuwa, lissafin tsufa ya faro daga farko.

Abin da ake ganin aibi ne yana iya zama amfani. A 2004 Xiaobing Ren, mai bincike a Japan, ya ɗauki kiristal na bariyam titanet mai ɗan baƙin ƙarfe, ya bar shi ya tsufa. Da ya ba shi lantarki na bolt 200 a kowace milimita, kiristal ɗin ya miƙe da kashi 0.75 cikin 100, wanda ya ninka abin da PZT ke yi a wannan ƙarfi sau da yawa. Da ya ɗauke lantarkin, sai ya koma yadda yake. 'Yan kibiyoyin baƙi sun riƙe tunin fuskar farko, sun mayar da kowane yanki gidansa.

7.0 BAƘON DA KE KORAR ƊAN GIDA

Ba kullum baƙo ne ke tare katanga ba. Wani lokaci ɗan gida ne da ya zauna a inda ba nasa ba. Litiyam niyobet kiristal ne da ake amfani da shi a na'urorin hasken leza da na sadarwa. Yadda aka saba noma shi daga narkakken haɗi, yakan fito da ƙarancin litiyam, sai wasu atam na niyobiyam su haye mazaunin litiyam, su bar gurabe a kewayensu. Waɗannan su ne turakun katanga. Kafin a juya yanki a irin wannan kiristal sai an ba shi kimanin bolt 21,000 a kowace milimita. Idan aka zuba magnisiyam kimanin kashi 5 cikin 100, sai ya karɓe waɗannan mazaunai, niyobiyam ya koma wurinsa, ƙarfin da ake buƙata ya sauko ƙasa da bolt 5,000. Da wannan sauƙi ake jera yankuna, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ana maimaitawa duk bayan kimanin mikiromita 7, domin a mayar da hasken leza da ido ba ya gani ya zama kore.

8.0 KATANGA MA TANA JAN BAƘO

Zuwa yanzu mun ga yadda baƙo ke hukunta katanga. Amma hulɗar ta ɓangare biyu ce. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A jikin katanga tsarin atam a ɗan karkace yake, don haka baƙo ko gurbin da ya takura a cikin yanki yakan sami sarari a can. Haka kuma, inda kawunan kibiyoyi biyu suka yi karo, cajin tarawa na taruwa. Inda gindinsu ya haɗu, cajin ɗebewa ne. Kowace daga cikinsu tana jan abin da ke da kishiyar cajinta. Sakamakon haka sai katanga ta zama tana da sinadaran da suka bambanta da na yankunan da ta raba.

A 1998 Alison Aird da Ekhard Salje na Jami'ar Kambirij a Ingila sun turara kiristal na tangistin da oksijin da tururin sodiyam. Sauyin ya fi bin katangu, har suka zama masu wuce da lantarki ba tare da wata tirjiya ba a sanyin kimanin digiri 270 ƙasa da sifiri, alhali sauran jikin kiristal ɗin bai yi haka ba. A 2009 Jan Seidel da Ramamoorthy Ramesh da abokan aikinsu a Bakili ta jihar Kalifoniya sun nuna cewa wasu katangun bismat ferait suna wuce da lantarki a zafin ɗaki, ko da yake yankunan kansu ba sa yi. A 2017 kuma Tadej Rojac da abokan aikinsa a ƙasar Sulobeniya suka leƙa irin waɗannan katangu da madubin ilektiron mai ganin atam ɗaya-ɗaya. Sun tarar da guraben bismat da atam na ƙarfe masu caji 4 sun taru a wurin, abin da ya bayyana dalilin wucewar lantarkin.

Ma'anar wannan ita ce, katanga na iya zama waya mai kaurin nanomita ɗaya ko biyu, wadda za a zana, a matsar, a goge da lantarki. Ana gwada yin ma'ajiyar bayanai da ita a ɗakunan bincike. Sai dai matsalar da muka faro da ita tana nan: baƙin da suka sa katanga wuce da lantarki su ne kuma ke iya ɗaure ta. In ta fizge ta tafi ta bar su a baya, halinta ya sauya.

9.0 ABIN DA YA SA MAGANAR TA ZAMA TA GAGGAWA

Fiye da rabin nauyin PZT dalma ce, dalma kuwa guba ce, musamman ga yara. A 2003 Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita dalma da wasu sinadarai a kayan lantarki, ta fara aiki a 2006, amma aka ɗaga wa irin wannan tangaran ƙafa saboda rashin madadi. A 2004 Yasuyoshi Saito da abokan aikinsa a cibiyar binciken Toyota suka fito da tangaran marar dalma, na fotasiyam da sodiyam da niyobiyam, wanda ya kusa kamo PZT wajen amsa matsi. Samun tushe marar guba rabin aiki ne kawai. Sauran rabin shi ne a gano baƙin da za su mayar da shi mai tauri ko mai laushi yadda ake so, domin abin da ya yi aiki a PZT ba lallai ya yi daidai haka a wani kiristal ba.

10.0 KAMMALAWA

A taƙaice, mun ga cewa halin kiristal mai yankuna ya rataya a kan tambaya ɗaya: katangunsa suna tafiya ko a ɗaure suke? Baƙo mai giɓi yana kawo guraben oksijin masu yawo, su ɗaure katanga, a sami juriya a rasa kaifin ji. Baƙo mai rara yana rage waɗannan gurabe, katanga ta saku, a sami kaifin ji a biya da zafi. Wani baƙon yana gyara zaman 'yan gida ne, kamar magnisiyam a litiyam niyobet. Katanga ita ma tana tara baƙi har ta zama abu mai halin kanta. Babu wanda ya fi wani tsakanin tauri da laushi. Aikin da za a yi shi ke zaɓa. An ce baƙo raɓa ne, amma a cikin kiristal, baƙo ɗaya cikin ɗari shi ke faɗa a ji.

TAMBAYOYIN BITA

1. Yi amfani da misalin da ba na gona ba ka bayyana ma'anar yanki da katanga.
2. Idan aka sa fotasiyam mai caji 1 a mazaunin dalma mai caji 2, wane irin baƙo ne? Wane gurbi zai haifar, kuma tangaran ɗin zai yi tauri ne ko laushi?
3. Bayyana yadda ma'anar "tauri" da "laushi" ta faɗaɗa daga maƙera zuwa ɗakin bincike, sannan ka kawo kalmomin Hausa biyu da suka yi irin wannan tafiya.
4. A wannan darasi an zaɓi kalmar "katanga". Kawo dalili ɗaya da zai sa "iyaka" ta fi dacewa, da dalili ɗaya da zai sa ta gaza.